Jifan Gatari a Gasa: Yadda Ake Tashi Daga Kafewa Zuwa Cin Maki

Tsakanin mai jifa da allon katako bai wuce ƙafa 12 zuwa 15 ba. A wannan ɗan taƙin ne gatari zai bar hannu, ya yi juyi ɗaya tak a iska, ya kafe da bakinsa, duk cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Sabon shiga kan samu nasa ya kafe tun ranar farko, shi ya sa wasan ke saurin shiga rai. Amma kafewa daban, cin gasa daban. A gasa ana so ka sa bakin gatari a wuri ɗaya sau goma ko goma sha biyar a jere, abokin karawa na tsaye a gefenka, 'yan kallo na sowa. A nan mutane da yawa ke cijewa. Su yi wata da watanni suna jifa, makinsu na nan inda yake. A ganina ba ƙarfi suka rasa ba, ba kuma yawan jifa ba. Abu biyu ne ke riƙe su: ba sa tsayawa su karanta yadda gatarin ya sauka a allo, kuma in sun tashi gyara sai su canza abu uku ko huɗu lokaci guda.

Wasan a sigarsa ta yau ba tsoho ba ne. Masu saran itace a Arewacin Amurka da Suwidin sun daɗe suna gasar jifan babban gatari mai baki biyu daga nisan ƙafa 20, wato mita 6.1. Amma na ƙaramin gatari a cikin ɗaki, a birnin Toronto na Kanada ya samo tushe, inda Matt Wilson ya fara tara abokansa a bayan gidansa a 2006, abin da ya zama ƙungiyar masu jifan gatari ta BATL. Daga nan aka kafa tarayyar jifan gatari ta ƙasa, NATF, a 2016, wadda daga baya ta koma ta ƙasa da ƙasa, IATF, da ƙasashe suka ƙaru. A 2017 kuma aka kafa wata ƙungiyar ta duniya, WATL, wadda tashar talabijin ta wasanni ESPN ta riƙa nuna gasarta ta duniya. IATF da WATL su ne ke riƙe da wasan, kuma dokokinsu sun sha bamban ƙwarai. Wanda ke son ya ci gaba, sai ya fara sanin a ƙarƙashin wacce yake jifa, domin doka ce ke faɗa masa irin jifan da zai koya.

A IATF allo na da zobe uku: cibiya maki 5, na tsakiya 3, na waje 1. Faɗin cibiyar inci 7 ne. Can sama, hagu da dama, akwai koren ɗigo biyu masu maki 7, waɗanda zan kira ɗigon kasada, don ba a neman su sai a jifa na biyar, kuma sai mai jifa ya furta da baki cewa su zai nema. In ya furta ya kuskure, ya tashi a tutar babu. Wasa ɗaya zagaye uku ne, kowane jifa biyar, wanda ya ci zagaye biyu shi ne da wasa. Cikakken maki 81 ne, wato 27 sau uku. A WATL kuwa jifa goma ake yi a tara jimilla. Cibiya maki 6 ce, zobba na sauka daga 5 zuwa 1, nasu ɗigon shuɗi ne mai maki 8, kuma cibiyarsu ta fi ta IATF ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Babban bambancin yana wurin yadda alƙali ke duba gatarin da ya kafe a kan layin da ya raba zobba biyu. A tsarin IATF na gama-gari, inda mafi yawan bakin ya shiga nan ne makinka. A matakinsu na ƙwararru an ƙara tsanantawa, sai bakin ya shige cibiya gaba ɗaya ba tare da ya ɓullo waje ba. A WATL kuwa, in bakin ya kai ga zoben da ya fi maki, an ba ka shi. Dubi abin da wannan ke haifarwa. Ɗan WATL yana so bakin gatarinsa, mai tsawon da ya kai inci 4, ya sauka shimfiɗe a jikin allo, domin ya mamaye wuri mai yawa, ko gefensa ne ya taɓo cibiya ya wadatar. Ɗan IATF a matakin ƙwararru akasin haka yake nema. Yana so juyin ya ɗan zarce kaɗan, tsinin sama kawai ya nutse, sawun ya zama ƙarami. Mutum biyu ke nan, kowa gwani, amma saukar da ɗaya ke murna da ita, ɗaya gyara ta zai yi. Ƙungiyoyin kan kuma sabunta dokokinsu, musamman girman cibiya da lokacin da aka yarda a nemi ɗigo, saboda haka karanta kundin dokar kakar da kake ciki yana cikin atisaye.

To, yanzu ga juyin kansa, wanda shi ne gundarin maganar. Kusan kowane sabon shiga yana zaton in ya ƙara ƙarfi gatarin zai ƙara juyawa, in ya rage zai ragu. Ba haka abin yake ba. Kafin ka saki, hannunka da ƙotar suna zana baka ne a iska. Saurin tafiyar gatarin da saurin juyinsa daga wannan baka ɗaya suke fitowa, in ɗaya ya ƙaru ɗayan ma ya ƙaru. Ka jefa da ƙarfi, zai juya da sauri, amma zai isa allo da sauri, adadin juyin bai canza sosai ba. Abin da ke yanke nisan da juyi ɗaya zai ci shi ne faɗin bakan. A lissafi, nisan juyi guda ya yi daidai da kewayen da'irar da kan gatarin ke bi. In daga inda hannu ke lanƙwasa zuwa kan gatari santimita 60 ne, ka ninka da 6.28, za ka samu kusan mita 3.8, wanda ya yi kusa da ƙafa 12 ɗin da WATL ta sa a matsayin mafi ƙarancin nisa. Daga wannan ɗan lissafi duk gyare-gyaren ke fitowa. Doguwar ƙota na rage saurin juyi. Riƙe ƙota daga can ƙarshenta na rage shi. Matso da hannu kusa da kai na ƙara shi. Karya wuyan hannu a lokacin saki na ƙara shi sosai, domin ya mayar da babbar baka ƙarama.

Ga yadda ake karanta allo. Bayan kowane jifa, kafin ka zare gatarin, tsaya daga gefe ka dube shi. In ƙotar ta rataya ƙasa, ta ɗan karkato wajenka, baki ya nutse, juyi ya yi daidai. In ƙotar ta miƙe tana nuno ka, ko ta ɗaga sama, ko ka ji saman kan ne ya doki katako ya faɗo, juyi ya yi yawa, sai ka matso gaba. In kuwa gindin ƙotar ne ya riga isa, ka ji wannan ƙarar "kwas" ta itace a kan itace, juyi bai cika ba, ja da baya. Matsawar ba taku guda ba ce. Rabin tafin ƙafa ya isa, wani lokaci faɗin yatsu uku. Masu himma har alama suke riƙewa a ƙasa, su san daidai inda babban yatsan ƙafarsu ke tsayawa daga layi. In kuma ka zo kan layin da doka ta hana tsallakewa, juyi na ci gaba da yawa, ba sauran matsowa, sai gyaran hannu: ka sauko da riƙo zuwa ƙarshen ƙota, ko ka ɗora babban yatsa a bayanta, ko ka nemi ƙota mai ɗan tsawo.

Sauran kuskuren ma kowanne da sawunsa. Gatari ya tafi sama, ka saki da wuri. Ya tafi ƙasa, ka makara. Ya kauce hagu ga mai jifa da dama, yawanci hannu ne ya gitta gaban jiki maimakon ya sauko a miƙe. Ya kafe a karkace, wuyan hannu ya murɗa ko gwiwar hannu ta buɗe waje. Wannan karkacewar ba ƙaramar matsala ba ce, domin ana kafa katakon allo ne a tsaye, jijiyar itacen na bin sama da ƙasa. Bakin da ya zo a miƙe tsakanin jijiyoyin yake shiga, wanda ya zo a gicciye sai ya yanke su kafin ya samu wuri, shi ya sa yake yawan faɗowa. Gatarin da ya faɗo kuwa sifili ne, ko da a tsakiyar cibiya ya doka.

Dalilin da ya sa ƙarfi ke cutarwa shi ne ƙanƙantar wurin kuskure. A nisan mita 4, kaucewar digiri ɗaya kacal na matsar da saukar gatari da kusan santimita 7. Daga tsakiyar cibiyar IATF zuwa bakinta bai kai santimita 9 ba. Ke nan digiri ɗaya da 'yan kai ne tsakaninka da asarar maki biyu. Duk lokacin da ka ƙara sauri, damar sakin a daidai lokacin na ƙara ƙuntata, kuma jiki na jawo gaɓoɓin da ba a gayyata ba, ƙugu ya juya, kafaɗa ta ɗaga, ƙafa ta zame. Ka kalli manyan 'yan wasa a gasar duniya. Da yawansu jifan nasu kamar ba sa so, gwiwar hannu na kallon allo, ƙota riƙe da 'yan yatsu sako-sako, gatari ya sulale daga hannu da kansa. Ba su damƙe shi ba balle su yi ta lissafin lokacin buɗe yatsu. Kowace gaɓa da ka cire daga cikin jifa, ka rage wurin da kuskure zai shigo. Jifa da hannu biyu daga bayan kai yana da amfaninsa, yana daidaita jiki ya hana kaucewa gefe, kuma da shi ake fara koya wa mutane. Amma akasarin masu fafatawa da ƙaramin gatari kan koma hannu ɗaya saboda motsinsa ya fi kaɗan.

Maganar taku ma haka take. A IATF ana farawa ne da ƙafa a bayan baƙin layi mai nisan inci 170 daga allo, an kuma yarda a yi taku gaba, muddin ba a tsallake jan layin da ke inci 110 ba. Wasu na takawa, wasu na kafe ƙafa wuri ɗaya. Ban ga laifin ko ɗaya ba. Laifin shi ne takun yau ya fi na jiya tsawo, domin tsawon taku shi ne nisanka na gaskiya daga allo, nisa kuwa shi ne juyi.

Sai gatarin. Akwai masu sayen sabo duk lokacin da maki ya faɗi, kuma wannan ɗabi'a na ba ni takaici, don tana mayar da mutum baya ne. Kowane gatari da nauyinsa da tsawon ƙotarsa da inda nauyin ya taru, saboda haka kowanne da nasa nisan juyi. Ka canza shi, ka rushe duk abin da hannunka ya haddace. Zaɓi ɗaya da ya cika ƙa'ida ka zauna a kansa. IATF na buƙatar ƙotar itace, WATL kuma ta fi sassauci a kan irin ƙota. Abin da ya cancanci kulawa shi ne sirantar ruwan gatarin. Gatarin faskare kumatunsa masu kauri ne don ya tsaga itace ya ture shi gefe, wannan kaurin kuwa shi ke tofo shi daga allo. Na jifa siriri ake so, mai shiga ya zauna. Shi ya sa 'yan gasa ke zama da magagari da dutsen wasawa suna rage kumatun a hankali. Siririn baki mai kaifi na kafewa da ɗan ƙarfi kaɗan, wanda ke ba ka damar yin jifa mai taushi. Ka ga ashe gyaran ƙarfe ma gyaran saiti ne. A duba ƙota kuma kafin kowane wasa, kan da ke girgiɗi haɗari ne ga kowa da ke wurin.

Allo shi ma ba ɗaya ba ne kullum. Ana yin sa da itace mai laushi irin su fain da fofla, ana kuma fesa masa ruwa don ya ƙara karɓar baki. Sabon katako na da tauri, wanda ya sha sara cibiyarsa ta zama dagwargwaje, wani kuma da ƙulli a ɓoye a inda ba ka zata ba. 'Yan jifan gwaji da ake bayarwa kafin wasa, na auna katakon ne. In ka ga cibiya ta rududduge har ba ta riƙe baki, kana da damar neman a canza allon kafin a fara, kada kunya ta hana ka.

Yadda ake atisaye shi ne inda aka fi yin asara. Mutum ya tsaya ya yi jifa ɗari a cibiya ba tsayawa, hannu ya yi zafi, komai na shiga, ya tafi gida yana jin ya iya. Ranar gasa sai abin ya ƙi. Dalili kuwa a fili yake, a gasa ba a jifa ɗari a jere. Jifa ɗaya ake yi, a jira alƙali, a taka a zaro gatari, a dawo, a sake tsayuwa daga farko, wani lokaci ma a canza allo da abokin karawa. Masu binciken yadda jiki ke koyon motsi sun daɗe da lura cewa maimaita abu ɗaya ba katsewa na sa mutum ya yi kyau a lokacin atisayen, amma cakuɗa ayyuka ya fi zaunar da ƙwarewa. Saboda haka a raba lokaci. Kashi na farko na gyara ne, a ɗauki abu ɗaya tak, misali wurin tsayuwa, a yi ta jifa ana duba sawu, ba a taɓa riƙo ba, ba a taɓa taku ba. Sai an tabbatar da sakamakonsa a koma kan na gaba. Kashi na biyu kuma wasa ne sosai, da ƙidayar maki, da jifa huɗu a cibiya na biyar a ɗigo, da sauya ɗigon hagu da na dama. A rubuta sakamako a littafi, ba maki kawai ba, har da inda kuskure ya nufa. Bayan 'yan makonni za ka ga ashe kuskurenka ba barkatai yake ba, gefe ɗaya yake bi. A kafa waya kuma ta ɗauki bidiyo daga gefe da daga baya. Abin da kake ji hannunka na yi da abin da yake yi a zahiri sukan bambanta har ka yi mamaki.

Ido ma na da nasa aikin. Joan Vickers ta Jami'ar Kalgari a Kanada ta yi bincike a kan 'yan wasan da ke saiti, ciki har da masu jefa ƙwallon kwando, ta gano cewa ƙwararru kan kafe ido a wuri ɗaya na ɗan lokaci mai tsawo kafin su motsa, fiye da waɗanda ba su kai su ba. A jifan gatari ma'anar wannan ita ce kada ka kalli cibiya gaba ɗayanta. Nemi wani ɗan tabo a cikinta, tsohon sawu ko tsagar itace, ka ɗora ido a kai, ka saki numfashi, sannan hannu ya tafi. Ka yi hakan iri ɗaya kowane jifa, tun daga aza ƙafa har sakin gatari. Ranar da zuciya ke dukan uku-uku a wasan fitar da gwani, wannan tsarin da jiki ya saba da shi ne zai riƙe ka.

Ɗigon kasada kuwa lissafi yake so, ba zafin kai ba. A ce a IATF kana samun cibiya sau tara cikin goma, na goman ya faɗa zoben 3. Matsakaicin abin da jifanka ke kawowa 4.8 ke nan. Kafin neman ɗigo mai maki 7 ya biya ka, sai kana samun sa kusan sau bakwai cikin goma. Wanda ke samun sa sau uku cikin goma, in ya nema ba dalili, kyautar da zagaye yake yi. Sai dai ba jimillar maki ake ci ba, zagaye ake ci, don haka matsayin wasa ne ke yanke hukunci. In ana jifa na biyar abokin karawa ya fi ka da maki 2, kuma ka san ba ya kuskuren cibiya, cibiyarka ba za ta tsinana maka komai ba, ɗigon ne kaɗai zai kawo ku kunnen doki. In kai ne a gaba da maki 3, cibiya ta ishe ka ko da shi ya samu ɗigonsa. Wannan lissafin a gida ake yin sa, a haddace, ba a kan layi ana haki ba. Kuma ba zai yiwu ba sai ka san alƙalumanka na gaskiya, wanda ya sake mayar da mu ga littafin nan.

Kakar gasa a ƙungiyoyin biyu makonni takwas ce, bakwai na tara maki, na takwas na fitar da gwani. Tsawon nan ya isa gajiya ta taru a kafaɗa da gwiwar hannu. Da zarar ka ga jifa ya fara sauka ƙasa-ƙasa kuma kana ƙara ƙarfi don ka rama, atisayen ranar ya ƙare, abin da za ka koya bayan nan mugun hali ne kawai. Ƙa'idojin tsaro kuma ba a sassauta su don an ƙware: takalmi rufaffe, a jefa tare a ɗauko tare, kuma gatarin da ya dawo daga allo ba a tarar sa da hannu ko ƙafa, kaucewa ake yi.

Akwai abu ɗaya da 'yan IATF da yawa ke sakaci da shi har sai ya ci su, wato babban gatari. In wasa ya tashi kunnen doki, da shi ake raba gardama, daga shuɗin layi mai nisan inci 220. Nauyinsa daban, ƙotarsa doguwa, wurin tsayuwarsa daban, kuma a wasannin fitar da gwani, inda kowa ke cika cibiya, kunnen doki ba abin mamaki ba ne. Mutum ya shafe mako bakwai yana goge jifan ƙaramin gatari, sannan a fitar da shi da makamin da bai taɓa ba sai a ranar. A ware masa ko da jifa goma ne a ƙarshen kowane atisaye, a nemo wurin tsayuwarsa, a rubuta shi a littafi kusa da na ƙaramin.